Zaman Harɗe: Daga Buzun Malam zuwa Farar Kujera

Kafin kujera ta zama ruwan dare a ƙasar Gumel, tabarmar kaba da buzu ne suka ɗauki ilimi da shari'a da ciniki. A Gagarawa da Sule Tankarkar har yau alaramma kan shimfiɗa buzunsa a zaure, ya harɗe ƙafafu, ya kafa gindin allo a cinya, ya tsoma alƙalamin gamba a tawada. Haka zai wuni yana rubuta Alƙur'ani da ka, bayansa a miƙe, ba jingina.

Zaman yana da asali a addini. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa Annabi (SAW) kan harɗe a mazauninsa bayan sallar asuba har rana ta fito sosai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan duk ɗalibin zaure ya sauke, ta karantar da cewa marar lafiyar da ya kasa tsayuwa ya yi salla a harɗe idan zai iya. Masu wazifa ma da yawa haka suke zama idan sun kewaye farin ƙyalle.

Sai dai ba kowa ke harɗewa ba, kuma a nan ne al'adar ta fi daɗin nazari. Harɗe zaman mai wuri ne. Malam ya harɗe, almajiri ya tanƙwashe ƙafafu ya zauna a kansu. Siriki ba ya harɗewa a gaban uban matarsa; durƙusawa yake yi, ido a ƙasa. A fadar Gumel, masarautar Mangawa da ta kafu wajajen 1750 ta kuma daɗe tana bin Barno, talaka kan tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa, sannan ya zauna a takure. Tun kafin mutum ya buɗe baki, ƙafafunsa sun faɗi matsayinsa.

Indiyawa sun mai da irin wannan zama fanni guda a motsa jikinsu na yoga. Mafi shahara shi ne padmasana, inda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗayar, kamar yadda ake sassaƙa gumakan Buddha. Tun 2015 ake bikin ranar yoga ta duniya kowace 21 ga Yuni. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya koya, yaron tsangaya ya iya shi tun bai yi wayo ba.

Bayan Turawa sun karɓe Gumel a 1903, benci ya biyo makarantar boko, kujera ta biyo ofis. Yanzu farar kujerar roba ta mamaye wurin ɗaurin aure da zaman makoki, ko da yake a kasuwar Maigatari ranar Alhamis dillalan shanu da yawa a kan tabarma suke ƙulla ciniki.

Akwai asara a wannan canji. A 2012 likita Claudio Gil Araújo na Brazil ya wallafa bincike kan mutum kusan 2,000 masu shekara 51 zuwa 80, ya gano waɗanda ke iya zama a ƙasa su tashi ba tare da dafa komai ba sun fi tsawon rai. Don haka iyaye da malaman Gagarawa, a sayi kujera don baƙo da mai ciwon gwiwa, amma a bar wa yara tabarma.