Ƙofar da Docker ya rufe a 2013

Duk wanda ya taɓa aiki da Docker ya san saƙon nan. Ka buga umarni, baƙin allon ya amsa da layi ɗaya cewa ba a samu isa ga dockerd ba, har ya tambaye ka ko an ma tashe shi. Sabon shiga yakan ɗauka manhajar ce ta lalace, ya goge ya sake sakawa. Galibi ba abin da ya lalace. Saƙon yana da asali, kuma wanda ya san asalin ya san inda zai fara dubawa.

Dabarar killace manhaja a ɗakinta ta daɗe. Unix ya zo da chroot a 1979, FreeBSD ya kawo jails a 2000, injiniyoyin Google kuma suka rubuta cgroups, wanda ya shiga cikin Linux a 2008. Abin da Solomon Hykes na kamfanin dotCloud ya nuna a taron PyCon cikin Maris 2013 shi ne hanyar ɗaure duk waɗannan a kwantena guda, mai sauƙin ɗauka daga wata kwamfuta zuwa wata.

Sai dai tun ranar farko Docker abu biyu ne. Umarnin da kake bugawa ɗan aike ne kawai. Maigidan, wato dockerd, yana can bayan fage riƙe da cikakken ikon na'ura, shi ne mai gina kwantena da rushe ta. Tsakaninsu dole a sami ƙofa. Da farko ƙofar tashar sadarwa ce mai lamba 4243 a cikin kwamfutar, ba mai gadi. Aka lura cewa shafin intanet na mugu, idan ka buɗe shi a wannan kwamfutar, zai iya aika wa maigidan umarni da sunanka. Don haka a sigar 0.5.2, cikin Agusta 2013, aka mayar da ƙofar fayil guda, /var/run/docker.sock, wanda sai mai cikakken iko ke taɓawa. Jim kaɗan aka ƙara rukuni mai suna docker ga waɗanda aka amince da su.

Daga nan yawancin ciwon kan ya samo asali. Wani lokaci maigidan ne bai tashi ba, umarnin systemctl start docker ya wadatar. Wani lokaci yana nan, kai ne ba ka cikin rukunin. Ko an saka ka, amma ba ka fita daga asusunka ka sake shiga ba. A Mac da Windows abin ya ƙara nisa, domin kwantenar Linux sai da Linux: a da, boot2docker ne yakan tashe shi a cikin VirtualBox, a rubuta wa ɗan aiken adireshinsa a DOCKER_HOST. In Linux ɗin da ke cikin VirtualBox ya mutu, adireshin na nan, ɗan aike na ta sallama a kango.

Abin da ke damuna shi ne maganin da ake yawan ba juna: a bai wa kowa izinin fayil ɗin da chmod 666, ko a buɗe tasha ta 2375 ba makulli. Saƙon zai ɓace, gaskiya ne. Amma mai taɓa wannan fayil zai iya ɗora dukan rumbun kwamfutar a cikin kwantena ya yi abin da ya ga dama. A Oktoba 2019 masu bincike na Palo Alto Networks suka bayyana Graboid, tsutsar da ke bin irin waɗannan ƙofofin da aka bari a buɗe tana haƙar kuɗin Monero da na'urorin mutane.

Wasu suka ga maigidan ne matsalar. Red Hat ya fito da Podman, wanda ke aiki ba tare da shi ba. Docker ma, daga sigar 20.10 ta Disamba 2020, ya tabbatar da tsarin tashin dockerd da ikon mai asusu kawai. A wannan tsari ƙofar ta koma ƙarƙashin /run/user, don haka wanda ɗan aikensa ke neman tsohon wurin zai ga saƙon nan dai, alhali maigidan na aiki lafiya lau.