Allo, Ijaza da Bita: Tarihin Koyar da Ƙayataccen Rubutu a Madina da Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka riƙa koyar da jama'a fasahar rubutu a birnin Madina, tun daga shekara ta 2 bayan Hijira zuwa yau. Ta rarrabe hanyoyi uku da koyarwar ta bi: ta buɗe ƙofa ga kowa, ta malami da almajiri wadda ke ƙarewa da ijaza, da kuma ta tarukan bita da hukuma ke shirya wa matasa da iyalai da manya. Maƙalar ta nuna cewa kowace hanya tana da abin da take iya samarwa da wanda ba ta iyawa, sannan ta auna wannan tarihi da halin da rubutun tsangaya yake ciki a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2020 hukumomin Saudiyya suka sanar da ɗaukaka cibiyar Darul Ƙalam da ke Madina zuwa cibiyar duniya ta ƙayataccen rubutun Larabci, aka kuma sa mata sunan Yarima Muhammad bin Salman. Mai kallo daga nesa yana iya ɗaukar zaurukan da yara da iyayensu ke zama su koyi fiƙe alƙalami a matsayin sabon abu da zamani ya kawo. Tarihin garin ya nuna cewa koyar da rubutu ga gama-garin mutane tsohuwar al'ada ce a Madina, wadda ta yi ta sauya kama gwargwadon buƙatar kowane zamani. Wannan batu ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin Alƙur'anin da aka fi gani a hannun yaran Kano da Maraɗi a yau bugun Madina ne, kuma zuwansa ya taɓa matsayin hannun da alarammominmu suka gada.

2.0 Zamanin Buɗe Ƙofa

Al-Balazuri ya ruwaito a cikin Futuhul Buldan cewa Musulunci ya zo ya tarar da mutum 17 kacal daga Ƙuraishawa da suka iya rubutu, kuma marubuta ba su da yawa a cikin Ausu da Khazraju na Madina. Wannan ƙaranci ne ya ba hukuncin da aka yanke bayan yaƙin Badar, a shekarar 624, muhimmancinsa. Ibn Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa fursunan da ba shi da abin fansar kansa, amma ya iya rubutu, an ba shi yara goma na Madina ya koya musu, koyarwar ta zama ita ce fansarsa. Malamin a nan abokin gaba ne da aka kama a fagen fama, ɗaliban kuwa 'ya'yan manoman dabino ne.

Koyarwar ba ta tsaya ga yara ba. Ubadatu ɗan Samit (RA) ya koyar da mutanen Suffa, waɗanda manya ne matalauta da ke kwana a gefen masallaci, karatun Alƙur'ani da rubutu. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa Shifa'u 'yar Abdullahi (RA) ta koya wa Uwar Muminai Hafsatu (RA) rubutu a cikin gida. Ke nan tun a shekarun farko rukunoni uku sun bayyana: yara, da manya, da mata a ɗakunansu. A cikin wannan yanayi Zaidu ɗan Sabit (RA) ya taso, wanda ya zama marubucin wahayi, ya kuma jagoranci tattara Alƙur'ani a zamanin Sayyidina Abubakar da kwafe shi a zamanin Sayyidina Usman.

Hannun da aka yi amfani da shi a lokacin yana da kamanninsa. Ibn Nadim, a cikin Fihirisa da ya wallafa a 987, ya lissafa rubutun Makka da na Madina a matsayin na farko, ya ce ana gane su da dogayen haruffa da karkatar alif. Masana na baya suka kira wannan salo Hijazi. Ganyayyakin Alƙur'ani biyu da ke Jami'ar Bamingam a Ingila, waɗanda gwajin kimiyya na 2015 ya sanya fatarsu tsakanin 568 da 645, da wannan hannu aka rubuta su.

3.0 Zamanin Malami da Ijaza

Da cibiyar mulki ta bar Madina zuwa Kufa da Dimashƙa, daga bisani Bagadaza, sai cibiyar ƙayata rubutu ta bi ta. Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, ya shimfiɗa ƙa'idar auna kowane harafi da ɗigon alƙalami. Ibn Bawwab da Yaƙutul Musta'asimi suka inganta ta, sannan ta koma Istambul a hannun Shaihu Hamdullah da Hafiz Usman. Rubutu ya zama sana'ar da ake shafe shekaru ana koyo a gaban malami guda. Almajiri yana kwaikwayon layin malaminsa, malami yana gyara masa da jar tawada, har ranar da zai ba shi ijazar sa sunansa a ƙarƙashin aikinsa.

Madina ta karɓi amfanin wannan salsala a ƙarni na 19. Tsakanin 1849 da 1861 Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya sake gina Masallacin Annabi (SAW), aka kuma aiko Abdullahi Zuhdi daga Istambul ya rubuta ayoyi da sunayen Manzon Allah a bangon alƙibla da hannun sulusi. Mai ziyara yana ganin wannan aiki har yau. A cikin ginin nan aka ware ɗakuna kusa da Ƙofar Majidi domin makarantun yara. A 1853 kuma Shaihul Islam Arif Hikmat ya kafa ɗakin karatunsa dab da masallacin, ya cika shi da dubban littattafan da aka rubuta da hannu. Yaron Madina na wancan zamani yana wanke allonsa a inuwar rubutun da ya fi kowane kyau a daular, amma tsakanin allon da bangon akwai tafiyar shekaru da ƙalilan ne ke samun malamin da zai raka su.

4.0 Takari da Allonsu

Mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda Larabawan Hijaz ke kira Takarir, sun daɗe a cikin wannan tarihi. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burkhat, wanda ya shiga Makka a 1814 da Madina a 1815, ya bayyana yadda matalautan alhazansu ke ciyar da kansu da aikin hannu a Hijaz: gina ƙananan murahu na yumɓu, da saƙa tabarmi da kwanduna da kabar dabino. Ya kuma lura cewa wasu daga cikinsu da rubutun laya suke samun guzuri a hanya. Alƙalami da tawada suna cikin kayan tafiyarsu kamar yadda gora da buzu suke.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, dubban mutane suka ci gaba da hijira zuwa gabas. Wasu suka zauna a Sudan, wasu suka ƙetare teku. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Tal, ya isa Madina ya zama madogarar baƙin Yamma har rasuwarsa a 1931. Daga zuriyar masu irin wannan ƙaura Shaihu Umar Fallata ya fito, wanda ya shugabanci Darul Hadis ya kuma daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi (SAW). Sunayen dangi irin su Hausawi da Barnawi da Fallata, waɗanda 'yan ƙasar Saudiyya da yawa ke ɗauke da su, shaida ce ta wannan zama.

Waɗannan baƙi sun zo da hannunsu na gida, wanda ya samo asali daga rubutun Magrib: harafin fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, karatu kuma a bisa ruwayar Warshu. Sai dai makarantun da 'ya'yansu suka shiga suna koyar da hannun gabas da ruwayar Hafsu. Haka mahajjacin da ya koma gida, ko ɗalibin da ya gama Jami'ar Musulunci ta Madina wadda aka buɗe a 1961, ya riƙa komawa da littafin gabas a jakarsa.

5.0 Injin Ɗab'i da Hannu Guda

A 1984 aka buɗe Cibiyar Sarki Fahad ta Buga Alƙur'ani a Madina. Mus'hafin da ta shahara da shi rubutun hannun Usman Ɗaha ne, mutumin Siriya da aka haifa a 1934 a yankin Halab, wanda ya karɓi ijaza daga Hamidul Amidi na Istambul. Tsarinsa sananne ne ga kowane mahaddaci: shafi 604, layi 15 a shafi, kowane shafi yana ƙarewa da ƙarshen aya. Ana buga miliyoyin kwafi a shekara, ana kuma ba kowane alhaji kyauta idan zai tafi gida. Cibiyar tana buga ruwayar Warshu, tana kuma buga tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

Alherin wannan aiki a bayyane yake, domin ya kai ingantaccen Alƙur'ani ƙauyukan da a da sai mai hali ke mallakar kwafi. Amma yana da wani sakamako da ba a cika magana a kansa ba. Idan ido ya saba da hannu guda tun yarinta, sauran hannuwa sukan zame masa baƙi. Yaron Islamiyya a Kano yana iya karanta shafin Usman Ɗaha ba gargada, ya kuma kasa fitar da layi ɗaya daga Alƙur'anin da kakansa ya rubuta.

6.0 Zamanin Bita

Tun 1973 aka kafa Ƙungiyar Al'adu da Fasaha ta Saudiyya, wadda ke da reshe a Madina, amma babban sauyi ya zo ne bayan ƙaddamar da shirin ƙasa na Hangen 2030 a 2016 da kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018. An ayyana 2020 a matsayin Shekarar Ƙayataccen Rubutun Larabci, aka ƙara wa'adinta zuwa 2021. A watan Disamba na 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan fasaha cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16 da Saudiyya ta jagoranta. An kuma ware 2025 ga sana'o'in hannu. A Madina, Darul Ƙalam da sauran zaurukan fasaha sun riƙa shirya baje koli da darussa na gajeren lokaci ga yara da matasa da manya, maza da mata.

Ta fuskar waɗanda ake gayyata, bita ta yi kama da abin da ya faru bayan Badar, domin ba a tambayar mai shigowa ɗan wane ne. Ta fuskar zurfi kuwa, tana da iyaka. Cikin 'yan kwanaki mutum zai koyi riƙon alƙalami da awon alif, ya tafi gida da sunansa a takarda, amma hannun da zai rubuta mus'hafi sai da shekaru a gaban malami. Amfanin bita na haƙiƙa biyu ne: tana samar da jama'ar da ke gane kyakkyawan rubutu su kuma biya kuɗinsa, sannan tana tsamo 'yan kaɗan da za su nemi malami. Idan babu malamin da za a miƙa su gare shi, abin ya tsaya a nishaɗi.

7.0 Ƙasar Hausa a Madubin Madina

Halin da ake ciki a ƙasar Hausa kishiyar wannan ne. Salsalar tana nan da ranta. Almajiri yana tashi daga ƙolo zuwa titibiri zuwa gardi, kuma ba a cika kiransa alaramma ba sai ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka. Yana fiƙe alƙalaminsa daga gamba ko kara, yana dafa tawadarsa da ƙaro, yana sa wasali da ja, hamza da rawaya, alamar sadarwa da kore. Akwai masu zayyanar allon sauka, akwai dukawa masu ɗinka gafaka. Hannun Barno da na Kano suna da tarihin ƙarnoni, kuma marubuta irin su Sharu Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014, sun kai wannan hannu ga injin ɗab'i har ya yaɗu a kasuwannin yankin.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙofa. Wanda bai yi zaman tsangaya ba da wuya ya sami inda zai koyi wannan hannu, musamman 'yan mata da 'yan boko da ma'aikata. Fasahar ta kuma ɗaure da tsarin almajirci, wanda ake ta muhawarar sauya shi ba tare da an tambayi makomar rubutun ba. Wuraren da za su iya ɗaukar nauyin irin wannan koyarwa suna nan: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, Gidan Arewa a Kaduna, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Malaman kuwa suna zaune a unguwanni, ba sai an ɗauko su daga wata ƙasa ba.

8.0 Kammalawa

Tarihin Madina ya nuna cewa fasahar rubutu tana buƙatar taron masu sha'awa da kuma zaman malami da almajiri, kowanne yana ciyar da ɗaya. Garin ya fara da koyar da kowa, ya karɓi gwanaye daga Istambul da Halab lokacin da ya buƙace su, yanzu kuma yana ƙoƙarin renon nasa ta hanyar bita. Ƙasar Hausa tana da gwanayen a gida. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara sunayen marubutan da ke raye da salsalar malamansu, da adana samfurin hannun kowannensu, da shawo kan cibiyoyin al'adu su zaunar da alaramma a gaban yara da iyayensu, a biya shi ladan koyarwarsa kamar yadda ake biyan kowane malami.