Jibiya: Tsaro da Biyayya ga Jam'iyya a Zaɓen Fid da Gwani na 2022

Jibiya, garin kan iyaka a Jihar Katsina da ke kan hanyar Maraɗi, ta shiga kakar zaɓen fid da gwani na 2022 cikin fargabar 'yan bindiga, waɗanda gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin 'yan ta'adda a watan Janairun shekarar. A watan Afrilu aka sake buɗe iyakarta, wadda aka rufe tun 2019. Wakilan jam'iyyu ne kaɗai suka tsayar da Atiku Abubakar a PDP da Bola Tinubu a APC. Da ƙuri'a ta zo hannun talakawa a 2023, Atiku ya lashe jihar, mahaifar Shugaba Buhari, da ƙaramar rata, amma APC ta riƙe kujerar gwamna.