Yadda Sukar Juna Ta Ɗaukaka Darajar Hoto

A shekarar 1853 aka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta birnin Landan, Roger Fenton ne sakatarenta na farko. Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyar ba da kyamara suke cin abinci ba, sha'awa ce kawai ta haɗa su. Wannan yana da muhimmanci, domin mai shagon hoto dole ya faranta wa wanda ya biya shi: ya zaunar da shi a tsakiya, fuska ta fito tar, ya karɓi kuɗinsa. Mai yi don sha'awa kuwa ba shi da alƙali sai ɗan'uwansa mai irin sha'awarsa. A ganina, a wannan zama na nuna wa juna hoto da faɗa wa juna gaskiya ne ɗaukar hoto ta tashi daga aikin na'ura ta zama fasaha.

Abin da suka fi jayayya a kai shi ne tsarin hoton: ina za a ajiye mutum, ina layin da sama ta haɗu da ƙasa zai ratsa, me za a bari a ciki, me za a yanke a gefe. Henry Peach Robinson, wanda a 1858 ya harhaɗa hotuna biyar da ya ɗauka daban-daban a kan gilashi ya fitar da hoto guda, ya wallafa littafi a 1869 yana koyar da dokokin daidaita haske da inuwa irin na masu zane. Bayan shekara ashirin, likita Peter Henry Emerson ya fito da nasa littafin yana cewa wannan harhaɗawa ƙarya ce, a ɗauki rayuwa yadda ido yake ganinta. Mujallar Amateur Photographer, da ta fara fitowa mako-mako a 1884, tana cikin fagagen da aka gwabza irin wannan muhawara, kuma masu karatu kan aiko mata da hotunansu a yi musu hukunci. A wata gasarta ta 1887 Emerson ya ba wani matashi Ba'amurke mai karatu a Jamus lambar farko. Sunansa Alfred Stieglitz.

Sai ga George Eastman da kyamarar Kodak a 1888, ɗauke da fim na hoto ɗari, in ya ƙare a mayar wa kamfani ya wanke. A 1900 kyamarar Brownie ta fito a kan dala ɗaya. Da kowa ya iya danna maɓalli, iya sarrafa na'ura ya daina zama abin tinƙaho. Abin da ya rage ya bambanta gwani da ɗan koyo shi ne ido, ido kuwa ba ya gogewa sai an nuna masa inda ya kauce.

Akwai masu cewa ƙungiyoyin nan sun fi kashe basira a kan raya ta, kuma suna da hujja. Julia Margaret Cameron, wadda ta samu kyamara a 1863 tana da shekara 48, ta sha suka daga masu sharhin hoto na zamaninta saboda hotunanta na fitowa dishi-dishi, alhali yau ana lissafa ta cikin manyan gwanayen ƙarni na 19. Gaskiya ne kuma taron masu sukar juna kan mayar da shawara ta zama farilla, har hotunan kowa su yi kama da na kowa. Amma a duba daga ina masu tawayen suka fito. Robinson da abokansa daga cikin ƙungiyar Landan suka ɓalle a 1892 suka kafa ƙungiyar Linked Ring, don suna ganin ta fifita kimiyya a kan fasaha. Stieglitz ya yi shekara biyar yana shirya mujallar ƙungiyar masu kyamara ta New York kafin ya raba gari da su a 1902 ya kafa ƙungiyar Photo-Secession. A 1932 Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham suka kafa ƙungiyar da ta juya wa salon dishi-dishi da ake yayi baya, ta koma ga hoto mai kaifi. Kowannensu ya san dokar da yake karyawa, domin ya zauna inda ake kare ta, an soke shi da ita, ya nemi amsa. Ita kanta Cameron ba ta guje wa taron ba, ta shiga ƙungiyar Landan ta ci gaba da baje hotunanta a gaban masu sukarta.

Masu gidajen adana kayan fasaha sun daɗe suna ɗaukar hoto a matsayin aikin inji, ba su sauya ra'ayi ba sai da wannan muhawara ta shekaru ta tilasta musu. A 1924 gidan adana kayan fasaha na Boston ya karɓi hotunan Stieglitz cikin taskarsa, a 1940 kuma gidan fasahar zamani na New York ya buɗe sashe na musamman domin hotuna.