Wakilci a Kasuwancin Ƙasar Kano: Daga Ayarin Goro zuwa Sana'ar Tsafta

Wakilci, wanda malaman fiƙihu suke kira wakala, shi ne mutum ya tsayar da wani a madadinsa kan abin da shari'a ta yarda a wakilta. Malamai sun kafa hujja da aya ta 19 ta Suratul Kahfi, inda samarin kogo suka aiki ɗayansu birni da azurfa domin ya sayo abinci. Sun kuma kafa hujja da hadisin Urwatul Bariƙi da Bukhari ya ruwaito, wanda Manzon Allah (SAW) ya ba shi dinari ya sayo akuya, ya komo da akuya da dinari.

A ƙarni na 19, fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ya dogara ne kan wannan ƙa'ida. Tafiyar takan ɗauki watanni, saboda haka attajiri yakan danƙa wa yaronsa dukiya ya bi ayari ƙarƙashin madugu, galibi ba tare da takarda ba, sai shaidu da amana. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya faɗaɗa tsarin. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya saya wa kamfanin Niger gyaɗa, shi kuma ya baza nasa wakilan da kuɗi cikin ƙauyuka.

Idan rigima ta tashi, alƙalai sukan koma ga Mukhtasar na Shaihu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Khalil ya tabbatar da cewa faɗin "na wakilta ka" kaɗai ba ya ƙulla wakilci, sai an sakar wa wakili al'amari gaba ɗaya ko an ayyana masa aikinsa. Ko wanda aka sakar wa komai ba ya sakin matar mai wakiltawa, ba ya sayar da gidan da yake zaune, sai da izini na musamman. Wakili amintacce ne, ba ya biyan asara sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma ba ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar.

Waɗannan hukunce-hukunce suna nan daram kan mai shagon wanki da guga, ko mai kwangilar share ofisoshi da makarantu a Tudun Kaya da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, idan zai tafi Hajji ko jinya ya bar wa ƙaninsa sana'ar. Abin da ya sauya shi ne abokan hulɗa. Madugu ya san yaron attajiri da ido, amma banki da hukumar da ta ba da kwangila takarda mai sa hannu suke nema.

Saboda haka wajibi ne takardar ta fayyace ko wakili zai karɓi kuɗin kwangila, ya biya ma'aikata, ya ci bashi, ko ya sayar da injin wanki, kuma ta ambaci ranar ƙarewarta a gaban shaidu biyu adilai. A sani kuma cewa wakilci yana warwarewa da mutuwar mai wakiltawa, domin dukiyar ta koma hannun magada. Wanda ya bar iyakar a baki kawai yakan bar wa iyalinsa shari'a, ya kuma jefa haƙƙin ma'aikatansa cikin hatsari. Allah ne Mafi sani.