Gutai: Masu Zanen Osaka da Suka Ƙi Bin Sawun Kowa

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, jiragen Amurka sun riga sun mayar da tsakiyar birnin Osaka toka. Ba a cika shekara goma ba garin ya farfaɗo, masana'antu suka ci gaba da aiki, jama'a suka yi ta kwararowa. A cikin wannan hali ne Jiro Yoshihara, magajin wani kamfanin man girki, ya tara matasa masu zane a Ashiya, tsakanin Osaka da Kobe, suka kafa ƙungiyar Gutai a 1954. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada wanda ya kawo masa abin da wani ya taɓa yi.

Ga yaran da suka tashi a lokacin da sojoji ke juya ƙasa, ba a yarda kowa ya fita daban ba, wannan sharaɗi tamkar kwance musu dabaibayi ne. A Yulin 1955 suka baje ayyukansu a fili, a wani lambun itatuwa na Ashiya. A Oktoba kuma, a Tokyo, Kazuo Shiraga ya tuɓe riga ya faɗa cikin tulin laka ya yi ta kokawa da ita, abin da ya bari a ƙasa shi ne aikin. Saburo Murakami ya sheƙo da gudu ya ratsa manyan takardun da aka ɗaure a katako. A 1956 Atsuko Tanaka ta sa riga ta ƙwayayen lantarki masu launi-launi, suna kamawa suna mutuwa a jikinta. Mai kallo na iya cewa hauka ne, amma haukan mai tsari ne, domin suna buga mujallarsu suna aikawa ƙasashen waje. An ma tarar da mujallar cikin kayan Jackson Pollock, shahararren mai zanen Amurka, bayan mutuwarsa.

Zuwan Michel Tapié, wani mai sharhi kan zane-zane, daga Faransa a 1957 ya buɗe musu kasuwar Turai, sai dai kasuwa abin ratayawa a bango take so. A ganina nan kaifinsu ya fara dakushewa, duk da sun buɗe gidan baje kolinsu a wani tsohon ɗakin ajiya na Yoshihara a Osaka a 1962.

Yoshihara ya mutu a 1972, ƙungiyar kuma ta watse a wannan shekarar.