Auna Sinadarin NAD a Jini da Tsoka

NAD sinadari ne da ke cikin kowace ƙwayar halitta, yana taimaka wa enzayim wajen fitar da kuzari daga abinci. Arthur Harden da William Young ne suka gano shi a Ingila a 1906, suna binciken yis. Siffofinsa biyu ne, NAD+ da NADH.

Tsohuwar hanyar auna shi ta haske ce. NADH yana shanye hasken da tsawon zangonsa ya kai nanomita 340, NAD+ kuwa ba ya shanye shi. A 1961 Oliver Lowry da abokan aikinsa a Amurka suka fito da dabarar juya sinadarin tsakanin siffofin biyu sau da yawa, har ɗan ƙanƙani ya aunu. Yanzu manyan ɗakunan gwaji sun fi dogara da na'urar LC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ta tantance nauyinsu.

Babbar wahalar tana wajen shirya samfur, domin enzayim ba sa daina aiki bayan an ɗebi jini ko tsoka. Shi ya sa ake daskarar da shi nan take cikin ruwan naitirojin. Asid yana lalata NADH, alkali yana lalata NAD+, saboda haka akan raba samfur gida biyu.